Ruwan Kwalbar Inna

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo tun asuba, "Nagat ina ci gaba, Nagat kin bar mu a rataye," duk na gani, Allah ya bar zumunci. Ku tuna ni ba a gaban fanka nake zaune ina rubutu ba. Ni kaɗai ce ma'aikaciyar jinya a ɗakin shan maganin ƙauyenmu, allura ni, awon ciki ni, wata rana har shara ni. Wannan shafin kuma da gangan na yi ta kauce masa, don ba ni da ƙarfin sake shiga wannan yinin. Ke kuma da kika ce Inna Bahiyya ce gwanarki a labarin nan, gyara zama.

*

Mun tsaya a ranar da motar ido ta dawo.

Shekaru na yi ina bin ofisoshi a birnin Asyut kafin motar nan ta fara zuwa mana, har masu gadi suka haddace fuskata. A zuwanta na farko aka cire wa tsofaffinmu yanar ido, ciki har da mahaifiyata, Inna Bahiyya, wadda ta daɗe tana laluben bango. Daga nan mota ta tafi. Sai da aka kusa shekara biyu muka sake jin ƙugin injinta tana hawowa daga bakin kogin Nilu.

A filin makarantar firamare suka tsaya. Kafin hantsi fili ya cika, wasu a kan jaki, wasu a keke mai ƙafa uku, wasu kuma goyo su aka yi daga ƙauyukan gindin dutse. Lokacin yankan rake ne, hayaƙin ganyen da ake ƙonawa ya rufe gari, kowa ka kalla idonsa ja kamar ya kwana yana kuka.

Ni ce mai kiran suna, ni ce mai ɗiga magani, ni ce mai raba faɗa. Tun shayin safe ban sa komai a cikina ba.

Inna kuwa sawa ta yi aka kawo mata kujera daidai ƙofar motar, ta harɗe cikin baƙar rigarta kamar ita ta sayo motar.

"Ku shiga, ba zafi!" take ce wa masu layi. "Ni da ake ja da sanda, ga ni yau ina zura zare a allura. Kai Mutawalli, duk girman rawanin nan tsoron yarinya mai tocila kake?"

"Wane tsoro, Bahiyya? Ni dai kar a buɗe min ido in tarar matata ta tsufa."

"Ita da take ganinka kullum ta haƙura, kai ne ba za ka iya ba?"

Aka kwashe da dariya. Har ni na murmusa, duk da ƙafafuna sun kumbura a cikin takalmi. A lokacin alfahari nake da ita, Allah ya sani.

Yarinya mai tocilan ita ce Likita Mariyan. Siririya ce, ba ta da yawan magana, ta fi ni gajiya ma in ka dubi ƙasan idonta. Da azahar Baba Fahim, direban motar, ya leƙo ta taga.

"Likita, ina faɗa miki tun da sauran rana. Jirgin fito na ƙarshe da faɗuwar rana yake tashi. Ni ba zan sake kwana a kan bencin 'yan aji uku ba, har yau bayana bai yafe miki ba."

"In layi ya ƙare sai mu tafi," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"In bai ƙare ba fa?"

"Sai ka nemi benci mai laushi."

Ba wasa take ba. Wancan zuwan, saboda tsohuwa ɗaya tak da aka kawo a makare ta sa aka sake kwance kayan da aka gama ɗaurewa, jirgi ya tafi ya bar su suka kwana a aji. Likita Mariyan ba ta juya wa ido baya. Kowa a garin nan ya san haka.

'Yata Shahad ita na bari a ƙarshen layi, don kar a ce ma'aikaciya ta fara da nata. Shekararta tara, ita kaɗai Allah ya ba mu, ubanta yana Kuwait yana aikin gini. Kullum ina wurin aiki, don haka a hannun Inna take yini. Malamarsu ta sha ce min tana tuntuɓe da tebur, kuma ni ma na lura in za ta kalle ka sai ta ɗan karkata kai gefe, kamar kaza tana duban tsaba. Na ce gilashi ne take buƙata, bari motar ta zo.

Bayan la'asar na shigar da ita.

"Wannan 'yarki ce?" in ji likita. "Shi ne kika ajiye ta a rana tun safe? Zo nan, kyakkyawa."

Ta haska mata ido. Ta sake haskawa. Ta ɗauko wata 'yar na'ura ta taɓa idon dama, ta duba, ta taɓa na hagu, ta duba. Sai ta koma kan na dama kamar ba ta yarda da abin da ta gani ba.

Na yi aiki da likitoci, na san irin wannan shirun.

"Shahad, rufe idonki na hagu da tafin hannu. Yawwa. Yatsu nawa na ɗaga?"

Shahad ta karkata kai. Ta juya shi wancan gefen.

"Ina hannun yake?" ta ce.

Hannun yana gaban hancinta.

Na dafa bangon motar.

"Nagat," likita ta ce a hankali, "akwai mai shuɗin ruwa a danginku?"

Shuɗin ruwa muke ce wa hawan jinin ido, ciwon da ke cin jijiya a ɓoye, abin da ya ci kuma ba ya dawowa.

"Babu. Likita, ai wannan ciwon tsofaffi ne."

"Me kike ɗiga mata?"

"Ba komai."

"Nagat."

"Wallahi ba komai! Tana da ƙaiƙayin ido lokacin hayaƙi, kamar kowane yaro a garin nan. Na ce ta riƙa wankewa da ruwan sanyi, don abin da muke da shi ke nan. Kin ga kabad ɗina ai, ban da auduga da maganin zazzaɓi me ke ciki?"

Likita ta durƙusa a gaban Shahad.

"Idonki yana miki ƙaiƙayi?"

"Da yana yi. Yanzu ya daina."

"Masha Allah. Me ya sa ya daina?"

Shahad ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta.

"Faɗa mata mana," na ce.

"Kaka ta ce sirrinmu ne."

"Wane sirri?"

"Ta ce in na faɗa miki za ki ƙwace."

Ban san lokacin da na kai ƙofa ba. Inna tana can tana ba wata mata labarin yadda ta fara ganin bishiyar ƙofar gidanmu bayan an cire mata auduga.

"Inna, shigo."

"Bari in ƙarasa mata..."

"Inna, shigo na ce!"

Ta kalle ni, don ban taɓa ɗaga mata murya a gaban mutane ba. Ta tattara rigarta ta hawo, tana mita a kan matakalar motar. Na ja ƙofa na rufe.

Likita ta ba ta kujera.

"Hajiya, me kike sa wa Shahad a ido?"

Inna ta harari Shahad.

"Ke dai ba a haɗa baki da ke. Cikinki kamar kwando."

Sannan ta yi murmushi, wallahi murmushi ta yi. Ta sa hannu a ƙirjinta ta ciro wani ƙyalle a ƙulle, ta kwance shi a hankali kamar za ta nuna mana zinare. 'Yar kwalba ce fara mai jan murfi.

"Naku ne ai," ta ce. "Ba na boka ba ne, ba na 'yar magori ba. Ke da hannunki kika ba ni."

Likita ta karɓa, ta karanta jikin kwalbar, ta rufe ido.

"Sau nawa a rana?"

"Safe da yamma. In hayaƙi ya yi yawa har da rana."

"Tun yaushe?"

"Tun yankan raken bara."

"Bara?" na ce. Muryata ma ban gane ta ba.

"Hajiya, kwalba ɗaya muka ba ki," in ji likita, "ta wata guda, ke kaɗai."

"To ai ta ƙare. Sai na ɗauki kwalbar na kai wa mai kantin magani ranar kasuwa, na ce ya ba ni irinta. Yaron kirki, ko tambaya ba ya yi. Da kuɗin ƙwan kajina nake saye, ban taɓa tambayar kowa ko sisi ba."

Likita ta ajiye kwalbar a kan tebur.

"Ki saurare ni da kyau. Wannan magani na kwantar da rauni ne bayan an yi aiki. In aka daɗe ana sa wa yaro, ruwan cikin ido yana taruwa ya danne jijiya har ta mutu. Shi ya sa muke cewa wata guda a daina."

"Wace jijiya? Yarinya idonta fari ƙal, dube shi! Da kin gan shi bara, ja kamar garwashi."

"Idonta na dama ya kusa tafiya, Hajiya. Na hagun ma ya kama hanya."

Inna ta yi dariya. Irin dariyar da mutum ke yi in an faɗa masa abin da ba zai yiwu ba.

"'Yar nan, kin gaji, ki sha ruwa. Abin da ya buɗe min ido shi zai rufe na jikata?"

"Ba shi ya buɗe miki ido ba. Aikin da aka yi ne."

"Aiki? Ni aka yi wa aikin ko ke? Ranar da aka cire min auduga hazo nake gani, ga zafi, ga hawaye. Ku kuma kun naɗe kayanku kun tafi. Sai da na yi kwanaki ina ɗiga wannan sannan na ga fuskar yarinyar nan sosai. Ki ce min ba shi ba ne?"

Nan haƙurina ya ƙare.

"Inna, ni 'yarki ma'aikaciyar jinya ce! Ɗaki ɗaya muke kwana! Shekara guda kina zuba wa 'yata magani a ido, ko sau ɗaya ba ki buɗe baki kin tambaye ni ba?"

"In tambaye ki ki ce me?"

"In ce miki a'a!"

"To kin ji. A'a. Komai a'a. Kwalli a'a, nonon mai jego a'a, ruwan shayi a'a. Na bar su duka don ke. Na ce to me za a sa mata? Kika ce a jira likita."

"Eh, a jira likita!"

"Wane likitan?" Inna ta miƙe tsaye, tana nuna ƙofa. "Wane likitan, Nagat? Wanda ya zo sau ɗaya ya tafi? Ke kina can kina yi wa 'ya'yan mutane allura, ni ake bari da ita tana kuka tana murza ido har fatar ta saɓule. Ta ce Kaka barkono ne a idona. Ke kin ji? Ba ki ji ba, kin dawo a gajiye kin kwanta ko takalmi ba ki cire ba. Ni da na san duhu, ni zan zauna in zuba ido in ga ido yana lalacewa, alhali ga magani a ƙirjina?"

"Ga shi nan ai kin gyara! Garin neman gira..."

Ban ƙarasa ba. Shahad ta fashe da kuka.

"Ku daina! Mama, ni na ce ta sa min. Kar ki yi wa Kaka faɗa."

Inna ta juya wurin likita. Muryarta ta sauka, amma ba ta daina ba.

"Ke ma ki ji, 'yar nan. Allah ya saka miki, kin ba ni ido. Amma kun buɗe min ido kun tafi. Wa zan tambaya? Rubutun jikin kwalbar da harshen Turawa yake. In haye kogi in hau mota in ɓata yini guda don in tambayi mutum ko in ɗiga ko kar in ɗiga?"

Na zaci likita za ta kare kanta. Sai ta murza ɗan gicciyen da ke wuyan hannunta.

"Mota ɗaya ce, Hajiya," ta ce. "Ƙauyukan kuma ba su ƙirguwa. Na so in dawo bayan wata uku. Ba a ba ni ba."

Inna ta matso wurin Shahad, ta ɗaga hannunta ta gefen dama tana kaɗawa a hankali. Shahad ba ta ko ƙifta ba. Inna ta sake kaɗawa, ta matso da hannun har ya kusa taɓa kunnenta.

"Shahad?"

"Na'am, Kaka?" Sai da ta juyo da kanta gaba ɗaya sannan ta gan ta.

Inna ta zauna a ƙasa cikin motar, ba a kan kujera ba.

"Inna lillahi," take ta maimaitawa. "Da hannuna. Da hannun nan nawa."

Ku yafe min, a lokacin ban ji tausayinta ba. Ban ji komai ba ma. Gajiya ce kawai ta sauko min tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wadda ko kuka ba ka iya yi.

"Likita," na ce, "faɗa min gaskiya. Me ya rage?"

"Na daman sai dai addu'a. Na hagun ana iya ceto shi, amma ba da ɗigo kaɗai ba, ya wuce nan. Sai an yi aiki an buɗe wa ruwan hanya, kuma kowane kwana da aka ƙara yana ci."

"A nan za ki yi?"

"A'a. Yarinya ce, sai an sa ta barci, sai babban asibiti."

Ta ba Shahad wata ƙwaya ta haɗiye, ta ɗauki wayarta ta fita bayan mota inda ake samun sabis. Ina hango ta tana kai da kawowa, tana roƙo, tana ɗaga hannu sama. Ta jima kafin ta dawo.

"Malamina ne, shi ke yi wa yara irin wannan aikin. Gobe da sassafe zai yi aikinsa na ƙarshe, daga nan zai yi tafiya sai bayan wata biyu. Ya ce in na kwantar da ita yau, zai sa ta a farko."

"Yau?"

"Yau. Ku biyo mu a motar nan."

"In kika tsaya wani aikin fa, ni in haye da ita ni kaɗai?"

"Kin san ƙofar asibitin nan fiye da ni, Nagat. In ba ni na shigar da ita da ƙafata ba, ranar dawowa za su ba ki, ta bayan wata huɗu. Idon nan ba zai kai ba."

Na sani. Mutum nawa na tura da hannuna suka dawo min da kwanan wata?

Baba Fahim da ya ji labari bai yi mita ba, karon farko. Shi da mai taimaka wa likita suka shiga naɗe kaya. Aka sa na'urar awon nan a akwatinta, aka ɗaure, aka tura can ƙarƙashin sauran kaya. Layi ya ƙare, Alhamdu lillahi, ba a bar kowa ba. Rana ta sauko kan gonakin rake ta yi ja.

Inna ta tashi ta nufi gida. Na ɗauka ɓuya ta je yi. Sai ga ta ta dawo da ƙullin kayan Shahad, da mayafina, da burodi biyu masu ɗumi a cikin tsumma. Ta miƙo min ba ta kalle ni ba. Na karɓa, ni ma ban kalle ta ba.

Shahad ta shiga ta zauna a bakin taga. Yaran unguwa suka kewaye motar kamar yadda suka saba, suna taɓa fitilu suna leƙe, suna kiran sunanta.

"Shahad, ki sayo mana alewa a birni!"

"Shahad za ta hau jirgi da mota!"

Baba Fahim ya tayar da inji.

"Maman Shahad, hawo! In jirgin nan ya tashi, sai dai mu yi iyo."

Na sa ƙafa a matakala. Sai na ji an riƙe min hannun riga.

Inna ce.

"Sake ni, Inna. In na dawo ma yi magana."

"Nagat."

"Ba ni da bakin magana yanzu, don Allah."

"Nagat, tsaya." Ta jawo ni gefe, ta kawo bakinta kusa da kunnena. "Likitar ta ce in an daɗe ana sa wa yaro?"

"Haka ta ce."

"Kowane yaro?"

Na juyo na kalle ta sosai.

"Me kike nufi?"

"Da na ga ya yi wa Shahad aiki... Maman Hala ta shigo aron rariya, ta ga idon Shahad ya washe, ta ce me na sa mata. Hala ma tana fama. Na ɗiga mata."

"Sau nawa?"

"Kullum da safe, in za su makaranta. Ta ƙofarmu suke bi ai."

"Suke? Su wa?"

Inna ta kalli yaran da ke jikin motar.

"'Yan biyun mai gasa burodi. Da jikokin Mutawalli. Da na gidan mai jaki. Iyayensu suke turo su, su yi layi a dakalinmu bayan kin fita. Sadaka nake yi, Nagat. Na ce Allah ya ba ni ido kyauta, ni ma in ba bayinsa."

"Su nawa, Inna?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba. Wa ke ƙirga sadaka?"

Na juya na kalli yaran da suka kewaye motar. Yaran da na yanke wa cibiya, na yi wa rigakafi, na san sunan kowa da na uwarsa. Suna ta ɗaga wa Shahad hannu suna tsalle.

Hala tana gaba. Ta ɗaga kai tana neman fuskar ƙawarta a taga, sai ta ɗan karkata kai gefe.

Ɗaya daga cikin 'yan biyun ma haka.

Can baya, jikar Mutawalli, ita ma haka.

Kullum ina ganinsu. Kullum. Ban taɓa lura ba.

Na'urar da za ta faɗi gaskiyar idonsu tana cikin akwati a ƙarƙashin kaya. Da asuba motar za ta wuce wata jiha, Allah kaɗai ya san ranar da za ta sake hayo kogin nan. Kuma na san Likita Mariyan. In na buɗe baki, za ta ce a sauke kaya. Ba za ta bar ko yaro ɗaya ba, za a bi gida gida, jirgi zai tashi, gari zai waye, malaminta zai gama aikinsa ya tafi.

In na yi shiru kuma, 'yata tana kan gadon asibiti kafin isha'i.

"Kar ki faɗa," Inna ta raɗa min, hawaye na bin kuncinta. "Ki tafi da ita. Ni zan ɗauki zunubin. Ki tafi, Nagat."

Baba Fahim ya danna hon.

"Mama, hawo mana!" Shahad ta kira ni ta taga. Ta rufe idonta na dama da hannu, tana kallona da na hagun, tana dariya. "Kin ga, da wannan ina ganinki sarai!"

Daga bakin kogi jirgin fito ya busa ƙaho na farko.

Likita Mariyan ta leƙo ta ƙofa, ta dubi fuskata, ta dubi ta Inna. Ta sauko matakala ɗaya.

"Nagat," ta ce, "akwai wanda ban duba ba ne?"